Alhamis a Ofishin Dakta Carvajal

Na hau tudun Valparaíso da takarda a aljihu,
ninki huɗu, gumi ya jiƙa gefenta.
Can ƙasa jiragen ruwa na kuka.
A hawa na uku, ƙofar nan da ba ta rufuwa sosai.

Sau biyu jarrabawar magunguna ta kayar da ni.
Ran Litinin kuma tsohon da ke gado na tara,
mai ce mini jikansa,
ya cika, yatsuna na kan jijiyarsa,
ina ta laluben abin da ya riga ya tafi.

Na ce, Dakta, na zo ajiye karatu.

Ba ta ɗago ba. Lemo take ɓarewa
da hannun nan mai rawa
da ya raba ta da ɗakin tiyata.
Ta turo mini rabi.
Anselmo, yaushe rabonka da abinci?
Na yi shiru. Cikina ya ba ta amsa.

Ta karɓi takardar, ta gyara tabarau,
ta zaro jan biro.
Nan babu waƙafi.
Nan ka ce "ba zan iya ba".
Wa ya auna? Da wane ma'auni?
Likita ba ya rubuta abin da bai gwada ba.
Gyara, ka dawo Alhamis.

Na sauko ina huci.
Na sake rubutawa, na koma.
Ta ce kwanan watan ya tsufa.
Mako na gaba, sa hannun bai yi kama da nawa ba,
kuma tunda na sha hawa,
in zauna mu bi magungunan zuciya ɗaya bayan ɗaya
har shayi ya huce a kofi.

Wata Alhamis ko littafi ba mu taɓa ba.
Ta ba ni labarin wata 'yar shekara shida
a Quillota, cikin wani sanyi mai shiga ƙashi.
Ta ambaci sunanta, Amparo,
a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali.
Ta ce, wannan ba ya warkewa,
ɗauka kawai ake koyo.
Sannan ta juya takardata,
ta rubuta sunan wani mai sauraron damuwa a hawa na ɗaya.
Je ka gan shi. Ni ba komai na iya ba.

Babana, da ya sayar da kwalekwalensa
don in sa farar riga,
har ya koma ga Mahalicci bai ji labarin takardar ba.

Tana nan a aljihuna, ta yi laushi kamar tsumma,
ja ya fi baƙi yawa.
Dakta ta yi ritaya, tana noman tumatir a Limache.
Jiya na kira ta bayan aikin dare,
muryata a shaƙe, na rasa ta inda zan fara.
Ta ce, ka ci abinci?

Waƙafin nan kuwa,
har yau ban sa shi ba.