Jarin Farko

A Ƙofar Doka nake gyaran rediyo,
Jatau na riƙe min dalma, hanci duk majina.
Ran da ya ƙone rediyon wani alƙali
na ɗaga hannu zan mare shi, sai na fasa,
na miƙa masa gawar da naira biyar:
"Je ka tashe ta."
Kwana tara ya dawo da ita, tana tari, tana labarai.

Ya yi karatu a Samaru, ya haye teku,
ya komo da furfura uku da aljihu mai nauyi.
Sana'arsa yanzu, in ji shi, sauraro.
Yara su zo da kwamfuta da buri,
ya zuba musu jari tun ba su da kujera.
Goma ya shuka, bakwai suka ruɓe a ƙasa,
biyu na rarrafe.
Ta goman 'yar Tudun Jukun ce, Asabe,
manhajarta ke sayar da tumatirin bakin Galma
tun yana jikin uwarsa.

'Yan kasuwa suka ce ruwa yake zubawa a kwando.
Ya yi dariya, ya sa sola a asibitin unguwarmu,
ya hana a rubuta sunansa a bango.
Cikin ɗaliban da yake biya wa makaranta
ɗaya ya taɓa bangaje shi a layin waina.

Jiya ya zo rumfata, ya tuɓe takalmi,
ya ajiye ambulan: "Baba, ribar naira biyar."
Na tura masa abinsa.
Na ce, alƙalin nan fa har ya rasu
bai daina tambayar rediyonsa ba.