Ɓauren Fikirtepe

Daga ƙwanƙolin injin ɗaga kaya, hawa arba'in,
Tayfun na hango tekun Marmara
kamar farantin da aka wanke aka kife.
Amma ba teku yake nema ba.

Can ƙasa, inda motar siminti ke juya tumbinta,
nan ɓauren babansa ya tsaya
shekara talatin da ɗoriya,
yana yi wa maƙwabta ɓari ta kan katanga,
tsohuwa Gülizar na mita
tana tsincewa a bakin gyalenta.

Kamfani ya zo da takarda da fara'a:
ku ba mu ƙasa, mu ba ku sama.
Baba ya sa hannu.
Shekara bakwai yana haya a ƙetaren ruwa
yana jiran mabuɗi,
har ƙasa ta riga sama karɓarsa.

Yanzu ginin ya sami suna
da harshen da unguwar ba ta taɓa ji ba.
An zana itatuwa a allon talla,
kore shar, ba sa zubar da ganye.

Oba-oba ta ce: Tayfun, sauke rodin.
Ya sauke a hankali,
kamar mai gudun taka saiwa.