Hanta da Jini

Shekara goma sha ɗaya ina bandar kifi a Dadin Kowa,
hayaƙin tarwaɗa ya kama min zane
har sabulu ya haƙura.
Sai da na ɗauki cikinka, kai da ban san fuskarka ba,
ƙarnin da ke ciyar da mu ya zame min abokin gaba.
In na hango Gidado tafe da koma daga bakin dam
zuciyata kan tashi tun bai yi sallama ba.

Ranar awo Malama Briskila ta danna nan, ta saurara can,
ta ce me nake ci.
Na ce tuwo, sai tsamiya da nake tsotsa.
Ta ajiye biro ta dube ni:
matar masunci guda, wata uku ba ta taɓa kifi ba?

Ƙwayoyin da ta rubuta masu ruwan zuma ne,
in ka ɗaga ɗaya kana ganin rana ta cikinta.
Gidado ya yi dariya har da buga cinya:
mu da ke aika wa Gombe kifi a kwali,
yau Gombe ce ta aiko mana da mansa a kwalba,
kuma da kuɗinmu!
Ya gama dariyarsa ya biya.
Karfasa huɗu manya, kamun asuba guda.

Bai tambaye ni dalili ba, don ya sani.
Yayanka Sale yana kwana biyar a duniya
idonsa ya koma kamar an wanke shi da gangamau.
Shawara, in ji Inna. Likita ya ce hantar ce ba ta gama nuna ba.
Ni kuwa hantar da na sani ta kifi ce,
wadda nake zarewa da yatsa biyu
ina lallaɓa matsarmama kar ta fashe ta ɓata nama.
Ban taɓa tunanin jinjiri ma na da tasa ba,
'yar mitsitsiya, tana aiki cikin duhu.
Kwana shida yana kwance ƙarƙashin shuɗiyar fitila.
Ga shi can yanzu yana bin awakin mutane da kara,
amma tawa hantar da ta kaɗa ranar
har yau ba ta zauna daidai ba.

Na ce, Malama, wannan zai tsare min na cikin?
Ta ce, ba na alkawarin abin da ba a hannuna yake ba.
Masu bincike na kai, ba su gama ba.
Na dai san daga akushinki yake ɗiban kayan gininsa.
Ɗaya a rana. Kar zumuɗi ya sa ki ƙara,
ko zuma in ta yi yawa tana hawa kai.

To ga ni. Bayan lisha, kofi a hannu,
na toshe hanci, na yi bisimilla.
Can anjima gyatsa ta taso da warin Gongola
kamar na haɗiyi kwale-kwalen ubanka.
Sai ka motsa.
Ɗan kifina, da ke iyo a ruwan da ba shi da gaɓa,
mutane kan ce wane da wane hanta da jini ne.
Mu namu ba karin magana ba ne:
jinin nawa, hantar taka.
Gina ta a hankali, ba mai koran ka.
Saura ƙwaya goma sha tara a kwalbar,
saura wata biyu in duba farin idonka.