Ɗan Aiken Ƙarfe Uku na Dare

Da rana in na kira shi yana amsawa.
Layi arba'in ne da ƴan kai,
aikinsa ƙirga buhunan wake da riɗi
da suka kwana a sitonmu na Sabon Gari,
ya aika wa Alhaji Nomau lissafi kafin kiran assalatu.

Da dare kuwa cron ke tashinsa,
sai ya farka kamar baƙon da motar Dakwaro
ta sauke a tasha babu mai tarbo.
Bai san hanya ba, bai san sunan sito ba,
aljihu fayau.
Kwana uku Alhaji yana buɗe waya
yana ganin sifili.

Laifina ne.
Ni na san komai, na zaci shi ma ya sani.
Abin da uwa ta riƙe a ciki nata ne,
sai wanda ta ɗaure wa ɗa a bakin zane
yake ƙetare soro da shi.
Wannan ɗaurin shi ake kira export.
Na zauna na ɗaura masa ɗaya bayan ɗaya:
ga PATH, hanyarka ke nan,
ga SITO, ga WAYAR_ALHAJI,
in ɗaya ya zo wayam, tsaya, kada ka yi kame-kame.

Kakata Tambai mai ƙuli-ƙuli a Mokoyo
ba ta taɓa shiga lakwal ba,
amma bangon ɗakinta cike yake da zanen gawayi:
wa ya ɗauka, yaushe, dala nawa.
Ba a taɓa cin ta da musu ba.
Na yi wa ɗan aikena bango irin nata,
kafin ya ɗaga ƙafa ya rubuta sa'a,
ya rubuta abin da aka damƙa masa.

Har na zarce.
Rabe, yaron awo, ya leƙo ta kafaɗata
ya karanta kalmar sirri da ƙarfi, yana dariya,
ya ɗauka sunan akuya ne.
Ranar na sake makulli.
Yanzu taurari shida ke zaune a gurbinta,
ko Tambai ba ta zana inda take binne asusu ba.

Yau da safe wuta ta dawo, shayi bai tafasa ba.
Na buɗe bangon:
ƙarfe uku da daƙiƙa biyu,
sito Sabon Gari, wake ɗari biyu da sha ɗaya.
Alhaji bai kira ba.
Na tafi neman sukari.