Kunnen Tabawa

Kwana uku ina Legas ina gyaran injin sanyi,
hannuna duk baƙin mai, kaina duk ƙarar janareto.
Ran na huɗu ruwa ya tsuge tun la'asar,
danfo ya sauke ni inda ba nan na ce ba,
a Yaba, bayan wani shagon taya,
sai hancina ya tsaya kafin ƙafata.

Na san wannan ƙamshi.
Tsiron dawa ne a kan wuta.
Ko an rufe ni da buhu bakwai zan gane shi.

Ƙofar ƙarfe, fitila ja, ba allo ba suna.
A ciki tankuna uku suna tsaye suna walƙiya
kamar rumbunan da aka yi wa wanka.
Mai wurin, Morenike, kai ɗaure da ƙyalle,
takalmin roba har gwiwa,
ta ajiye min katako mai kofuna huɗu,
ƙanana, irin na ba yaro magani.

Na farko fari ne, ya wuce bai gaishe ni ba.
Na biyu da zoɓo a ciki, ja wur,
kwalliyarsa ta fi zancensa.
Na uku ɗaci, ɗacin wani fure
da ta ce daga ƙetaren teku ake kawo shi a jirgi.
Na ce maɗaci ma yana bakin rafinmu, kyauta.
Ta yi dariya har da dafa tanki.

Na huɗu kuwa na riƙe shi a baki ban haɗiye ba.
Tsami kaɗan, garɗi a baya, hayaƙi can ƙasa,
sai ga ni a tsakar gidan Tabawa, kakata,
a ƙauyenmu bayan Kafur,
jajibirin kasuwa, tukwane shida a kan murhu,
tana juya muciya da hannun da ƙuna ta zane,
gobe maza za su zauna kan turame suna jiran ƙwarya,
su sha bashi sai an yanke dawa.

Morenike ta nuna min agogon auna zafi
da littafin da take rubuta kwanaki da lambobi.
Ta ce, ita tsohuwar da me take aunawa?
Na ce da kunne.
Takan riga zakara tashi,
ta kwantar da kunne a jikin tukunya.
In giya na raɗa, ta koma shimfiɗa.
In ta fara gunaguni, ta ce a kira mutane.

Wannan karon ba ta yi dariya ba.
Ta kashe fanka, ta ce wa yaronta ya rage kiɗa,
mu biyu muka manna kunne a jikin ƙarfe mai sanyi.
Motoci na ta ihu a titi,
ruwa na dukan kwano,
amma can ciki, can ciki,
wani abu yana magana ƙasa-ƙasa.
Ta ce littafina ya ce jibi.
Na ce gobe da yamma.

A lungu na hango buhunan,
an rubuta Funtuwa da shuɗin fenti.
Ashe tare muka zo, ni da dawar,
hanya ɗaya, ramuka ɗaya, shinge ɗaya,
ita ta samu ɗaki mai fanka,
ni ina kwana kan benci a shago.

Kuɗin kofi ɗaya ya kai na tukunyar Tabawa sukutum.
Na biya, ban nemi ragi ba.
Kafin in shanye na ɗiga kaɗan a ƙasa, rabonta,
yadda take yi wa nata magabatan.
Daɓen tayil ne, bai sha ba.
Yaron ya taho da tsumma,
Morenike ta riƙe hannunsa, ta ce bar shi tukuna.

Gobe da yamma ina cikin mota,
wajen Jebba, in hanya ta yi kyau.
Na bar mata lambata a bayan rasit.
Ina so in ji wa ya ci,
littafi ko kunne.