Baƙar Tasi a Tudun Valparaíso

A Valparaíso iska ba ta zuwa hannu rabbana.
Gishiri take ɗebowa daga teku
ta hau da shi tudu, gida-gida,
ta lashi ƙofa, ta lashi kwanon rufi,
ta lashi tasin babana
har baƙinta ya koma ruwan toka.

Shekara talatin da ɗaya Don Eleuterio ya ja ta,
baƙa, rufinta rawaya,
daga tashar jiragen ruwa zuwa unguwannin sama.
Yanzu yana ta rufe masa ido.
Makulli ya dawo hannuna,
amma motar har gobe tasa ce.

Ran Asabar na gangara kantin Osvaldo.
Ya jera mini abu uku a kan tebur,
ya share hannu a gaban rigarsa.

Wannan folish ne, in ji shi.
Ba ya ƙara komai, ci yake yi.
Yana aske fenti siriri-siriri
har karce ya daidaita da maƙwabcinsa.
Duk ƙyallin da kika gani, wani abu aka rage.
Kada ki zafafa, Nélida,
fenti ba ya tsirowa.

Wannan kaki ne, na ganyen wata bishiya a Brazil.
Sheƙinsa da zurfi kamar rijiya da dare,
sai dai rago ne:
wata biyu, uku, rana ta lashe shi.

Na kwalbar nan haɗin masana'anta ne,
ba ƙamshi, ba labari,
amma zai raka ki har ruwan sama ya zo ya wuce.
Gishiri zai iso ya tarar da ƙofa a kulle.

Na ƙirga abin da ke jakata.
Ya kai biyu, bai kai uku ba.
Na tsaya har na bayana ya yi gyaran murya,
sannan na ɗauki folish da kwalba.

A gida baba ya buɗe murfin, ya shinshina,
ya miƙo mini ba tare da magana ba.
Na gane. Ba shi ba ne.

Na ja motar inuwa, don ya ce rana maƙiyiya ce
in ƙarfe ya yi zafi.
Na wanke, na tsane.
Tsumma mai laushi, zagaye ƙanana,
taki ɗaya bayan taki ɗaya,
kafaɗa tana kuka.
Tabon kashin tsuntsayen teku ya fita,
karcen keken yaron maƙwabta ya dushe,
na bayan ƙofa ya ƙi.
Wannan tun ina goye, in ji baba, bar shi.

Da yamma ya lallaba cikin gareji,
ya fito da wani gwangwani mai tsatsa.
Ɗan kakin da ya rage a gindi
ya bushe ya tsattsage,
amma ƙamshin yana nan,
ƙamshin Lahadin ƙuruciyata.
Bai isa mota ba. Ya isa bonet.
Na shafa shi a kan na kwalba,
ban tambayi Osvaldo ko ya halatta ba.

Na watsa ruwa kofi ɗaya.
Ya dunƙule, ƙwaya-ƙwaya,
ya gangara bai bar sawu ba.

Me kike gani? in ji shi.

Gidajen tudu, shuɗi da ja, sun kifa a ciki.
Wayoyin lantarki. Wani jirgi yana fita.
Ni, da gashina a hargitse.
Kai, da hularka.

Bai ce komai ba.
Ya bi jikin motar da bayan hannu
a hankali, kamar mai duba zazzaɓin yaro,
daga fitila har madubi.
A gefen mariƙin ƙofa ya tsaya,
ya koma baya kaɗan, ya sake shafawa.

Nan, ya ce. Kin tsallake nan.