Littafin da Na Yi Haya a Mabera

Naira ɗari biyu na ba Sanda mai hayar littattafai,
ya ce, "Wanga sai ya sa ki kuka."
Na kai shi gida cikin jakar cefane,
bangonsa ya kwashi warin daddawa.

Dare biyu na yi da shi a tsakar gida,
zafin Sakkwato ya hana ɗaki shiguwa,
tocila a haƙora, sauro a idon sawu.

Yarinyar ciki ta gudu a shafi na tara.
An faɗi dalili, har an maimaita.
Ta bar wasiƙa a ƙarƙashin matashin kai,
rubutu tsaf, ba inda hannu ya yi rawa.

Luba tamu ba ta bar komai ba
sai ɗankwali a kan igiya
da bashin hamsin wurin mai awara.
Talata ce. Ta ce za ta kai niƙa.
An tsinci robar a bakin injin,
an niƙa geron, an rufe da faifai.

Uwar cikin littafi ta suma sau uku,
ta farfaɗo tana jawabi shafi guda.
Inna tamu wanke-wanke ta yi,
ta gama, ta sake wanke su.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
tana ƙara tafi ɗaya a garin tuwo,
in an duba ta, ta ce hannu ne ya zarce.

Uban ciki ya yi rantsuwa, ya tsine.
Baba kuwa lambar waya ya ƙi canzawa.
Kowace Juma'a sai ya biyo ta tashar Illela,
wai farashin albasa yake tambaya,
mutumin da ko albasa ba ya ci.

A shafin ƙarshe ta dawo cikin mota,
da turare, da tsaraba, da hawaye daidai awo,
kowa ya yafe wa kowa kafin la'asar.
Marubuci, wa ka taɓa jira?

Na mayar wa Sanda abinsa.
Ya ce akwai na biyu, ya fi daɗi.
Na biya cikon kwana ɗaya, na fito.

Da daddare ƙyauren gida ya motsa.
Inna ta ɗago kai daga tabarma.
Akuyar maƙwabta ce.
Ba wanda ya ce komai.